Ranar da Tasi'u Ya Roƙi Wata Kada Ya Tsaya

Duk Ɗinyar Gabas, can cikin ƙasar Ɗanbatta, an san Tasi'u da abu biyu: hannun noma da saurin baki. Hannun kam Allah ya yi masa albarka, in ya ja kunya sai ka rantse da zare aka auna ta. Bakin kuwa, kayya! Kullum shi ne a gaba, hankalin yana biye da shi da sanda. Sai bakin ya gama ɓarnarsa tas, sannan hankalin ya iso yana haki.

Shekararsu goma sha huɗu da matarsa Ramlat, 'ya'ya huɗu, amma igiyar aure ɗaya tak ta rage a tsakaninsu. Ta farko a kan akuya ta tafi, akuyar Ramlat da ta tsinke ta cinye masa irin gyaɗa. Ta biyu kuwa har yau mata ba su daidaita a kanta ba a bakin rijiya. Wasu sun ce gishiri ne ya zarce a miya, wasu sun ce rediyonsa ta ba ƙaninta aro. Ko ma mene ne, duka biyun kafin rana ta faɗi ya mai da ita yana sosa ƙeya. A ta biyun ne Malam Yahya, limamin garin, ya zaunar da shi a zaure.

"Tasi'u, uku Allah ya ba kowa, kai ka cinye biyu. Ran da ta ukun ta fita daga bakinka, babu komawa sai ta auri wani. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Ya kuwa riƙe, shekara biyar cur, har an fara cewa mutumin ya girma.

Sai ga daminar nan. Watan Safar yana da kwana goma, Tasi'u ya kira gayya a maimaita masa gonar dawa, mutum goma sha biyar. An surfa gero, an tanadi kuka da daddawa. Ana gobe gayya, da hantsi, saƙo ya zo daga Tsamiya Biyu, garin su Ramlat, cewa mahaifiyarta Inna Kaltume ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu. Kafin ɗan acaɓan da ya kawo saƙon ya gama shan ruwa, Ramlat ta goya auta ta ɗaure ƙullin kayanta.

"Ki bari jibi mana," in ji Tasi'u, yana bin ta har ƙofar gida.

"Uwata ce fa, Malam."

"To mutum goma sha biyar wa zai dafa musu?"

"Na gaya wa Yaya Sakinatu, ta ce za ta zo da sassafe."

Da a nan maganar ta ƙare, don Sakinatu yayarsa ce, kuma ta fi kowa iya tuwon taro. Amma akwai wata ɗinya a ƙofar gidan, inda mazan unguwa ke zama su ce suna shan inuwa, alhali gulma suke, har sun fi mata. A cikinsu akwai Mati, taubashin Tasi'u, wanda tun suna yara bai taɓa ganinsa ya ƙyale ba.

"Bawana," in ji Mati, "ka nemi zane ka ɗaura tun yanzu. Gobe kai ne da muciya."

Aka kwashe da dariya. Shi ke nan, baki ya tsere wa hankali. Ramlat ta riga ta hau babur, Tasi'u ya ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji:

"To ki tafi! Amma in watan Maulidi ya tsaya ba kya cikin gidan nan, a bakin aurenki! Ni kuma wallahi ba zan je biko ba!"

Dariya ta ɗauke kamar ruwan sama. Ramlat ta waiwayo ta dube shi sau ɗaya. Ta gyara goyonta, ta ce da ɗan acaɓa, "Mu je."

Hankalin Tasi'u bai iso ba sai bayan la'asar. Ya same shi zaune a kan turmi, ya ce masa, kai, ka san abin da ka yi kuwa? Wannan fa ita ce ta ukun.

Da farko ya ba kansa haƙuri. Kwana goma sha tara ai da yawa, karaya ce ba mutuwa ba, mako guda za ta dawo. Aka yi gayya, Sakinatu ta yi tuwo ta haɗa masa da zagi kyauta. Mako ya wuce shiru. Ya ɓoye bayan rumbu ya buga wayar Ramlat, sai ya ji ƙara tana tashi daga cikin ɗakinta. Ya shiga yana lalube, ya same ta kwance a cikin kwalla ta uku a jerenta, an rufe ta da marfi. Mace ba ta manta waya a cikin kwalla, wannan ajiya ce. Ya nemi lambar ƙaninta Jamil.

"Yaya tana ɗaura wa Inna zane," in ji Jamil. "Ta ce a gaishe da yara."

"Ni fa?"

"Kai ba ta ce komai ba."

Ya tafi wurin Malam Yahya a sace, kamar mai zuwa sayen maganin basir.

"Allah gafarta Malam, maganar nan ba a janye ta? Ai wasa nake."

"Magana zarar bunu ce, Tasi'u. Sharaɗin da ka ɗaura wa saki ba ya kwantuwa. In wata ya tsaya tana waje, aure ya ƙare. Amma rantsuwar da ka yi ta ƙin biko, wannan mai sauƙi ce. Karya ta, ka ciyar da miskinai goma. Tashi ka je ka ɗauko matarka."

"Mati zai yi mini dariya har in mutu."

"To zauna ka auri Mati," in ji Malam, ya ci gaba da jan carbinsa.

Bai je ba. Girman kai rawanin tsiya. Maimakon ya kama hanya, sai ya kama kallon sama, mutumin da tun da aka haife shi ba ya ɗaga kai sai don duba hadari. Ran sha huɗu wata ya fito cike kamar faifai, yara na ta wasa a dandali, shi yana tsaye a tsakar gida yana hararsa. Bayan kwana biyu ya lura an gutsure gefe guda. Kullum watan sai ya ƙara makara, kullum sai ya ƙara ramewa, shi ma Tasi'u haka. Da ya kai ashirin da 'yan kai ya daina fitowa sai mutane sun yi barci, sai Tasi'u ya koma tashi tun kafin assalatu yana leƙensa ta tsakanin giza-gizai. Ya gan shi kamar sakaina. Ya gan shi kamar yankan kabewa. Sakinatu ta bazar a gari cewa ƙaninta ya zama waliyyi, yanzu shi ke tashin ladan.

Da asubar ashirin da takwas ya fito ya duba gabas. Can ƙasa-ƙasa, saman kan dawa, ga ɗan siririn abu kamar yankan farce, da kyar ido ke kama shi. Ya ce a ransa, shi ke nan ya ƙare, gobe da magariba sabo zai fito. A take girman kan ya sauka. Ya ce bari ya kai wa shanu ciyawa ya kama hanya.

Bai ƙarasa yankan ciyawar ba gabas ta haɗe. Lokacin ne masu lissafin taurarin damina ke cewa an shiga Ɗarfa, kwanakin da sama ba ta da marfi. Aka tsuge da ruwa tun hantsi, aka wuni ana yi, aka kwana ana yi, bai tsagaita ba sai azahar ta washegari, ranar ashirin da tara. Tsakanin Ɗinyar Gabas da Tsamiya Biyu tafiyar sa'a guda ce zuwa rafi, sannan rabin sa'a daga can, kuma babu wata hanya, don kwalbatin da aka yi tun bara ruwa ya tafi da abinsa. Tasi'u ya naɗe wando ya bi ta cikin taɓo har bakin rafin. Ya tarar da shi cike baki da baki, jawur, yana tafe da karan dawa da rassan bishiya da wani mataccen rago da ya kumbura. Ko masunci ba zai shiga ba, balle shi da bai taɓa wuce ruwan wanka ba. Ya tsaya ya ƙwala kira, "Ramlat!" kamar mahaukaci, rafin ya haɗiye muryar. Ya juyo gida.

Ya iso ana shirin magariba. Jama'a sun taru a filin bayan masallaci, kowa ya fuskanci yamma, wai neman watan Maulidi ake yi. Gaskiyar magana, rabinsu fuskar Tasi'u suka zo kallo. Har mata sun jeru a bayan danga, wata ta taka turmi don ta gani da kyau. Hadarin ya fara tsattsagewa, yamma ta yi ja-ja da baƙi-baƙi. Kowa na addu'ar Allah ya nuna masa, mutum ɗaya ne kawai a filin yake motsa leɓe yana roƙon akasin haka. Ya Allah ka rufe. Ya Allah ka ƙaro hadari. Ya Allah ko na yini guda.

"Ga shi can!" in ji Mati, ya miƙa hannu.

Tasi'u ya bi yatsan da ido. A cikin wani siririn gajimare, ga wani farin haske ya ɗan miƙe, yana ƙyalli. Duniya ta juya masa. Ya ga 'ya'yansa huɗu, ya ga jeren kwallar nan ana lodawa a amalanke, ya ga wani ƙaton mutum mai gemu da bai sani ba yana cin tuwon Ramlat. Ya zauna daɓas a cikin taɓo ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi. Na kashe kaina."

Malam Yahya ya matso, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa. Gajimaren ya janye, hasken ya tattaru ya koma ɗigo guda, fari tas, ba ya ko ƙiftawa.

"Mati, ka ji tsoron Allah. Tun yaushe jinjirin wata ya taɓa tsayawa can sama haka? Tauraruwar nan Zara ce wannan. Kusan wata huɗu kullum tana nan da magariba, duk wanda ke ɗaga kai ya san ta."

"Ai na sani, Allah gafarta Malam," in ji Mati. "Gwada zuciyar bawana nake, in ga ko tana aiki."

Tasi'u ya wawuri taɓo ya jefe shi, ya sami Sakinatu a bayan danga. Abin da ta faɗa ba zai rubutu ba.

Aka tsaya har jan yamma ya mutu, ba wanda ya ga komai sai Zara. Amma Malam ya ce kada ya yi murna tukuna, ƙasar nan da faɗi, in an gani a wani gari aka tabbatar, ya hau kan kowa. Bayan isha'i aka kewaye rediyo a zauren Malam, Tasi'u ya rungume ta kamar jinjiri. Aka yi tallan taki, aka yi tallan maganin sauro, aka yi gaishe-gaishe har na mutanen Bacirawa da Ungogo. Daga ƙarshe mai labarai ya ce ba a sami labarin ganin wata ba a ko'ina, saboda haka gobe talatin ga Safar.

Tasi'u ya sumbaci rediyon. Wallahi an gani, mutum shida suka shaida.

"Yini guda ka samu," in ji Malam. "Gobe rana na faɗuwa watan Maulidi ya shiga, a gan shi ko kada a gan shi. Kafin nan ƙafarta ta kasance cikin gidanka."

Tun kafin assalatu ya fito da sandarsa. Ruwan kwana biyu ya wanke sama tas, taurari sun zubo kamar an watsa gero a baƙin zane, babu wata ko ɓurɓushi. Yana ɗaga kai sai wata tauraruwa ta tsinko daga wajen arewa, ta ja layin wuta ta mutu. Kafin ya gama a'uzubillahi wata ta bi ta. Sannan biyu a tare, ɗaya har da kore-kore a wutsiya. Ya ƙirga goma sha ɗaya tsakanin gidansa da masallaci, ya isa ya tarar da Malam Yahya yana alwala.

"Allah gafarta Malam, ka ga abin da ake yi a sama? Kakata ta ce in tauraruwa ta faɗi wani abu ne ya ƙare. Goma sha ɗaya fa! Wannan ai da ni ake."

Malam ya gama wanke ƙafa bai yi sauri ba. Ya ɗaga kai, wata ta sake wucewa fuu.

"Shekara arba'in ina fitowa a wannan lokaci, Tasi'u. Kowace damina, in gero ya fara fitar da kai, sai an yi kwana biyu ko uku suna zuba haka, in dai hadari bai rufe ba. Shekarar da aka ɗaura aurenka sun zuba. Shekarar akuya ma sun zuba. Ba su san da zamanka ba. Kai ne dai yau ka fara kallo. Zo mu yi sallah ka kama hanya."

Rana na fitowa yana bakin rafi. Ruwan ya ja baya, amma har yanzu ya fi ƙarfin mutum. Akwai masu jira a kowane gefe, 'yan kasuwa da kekunansu, da Fulani mata da ƙoren nono. Ya karyo kara ya kafa a daidai bakin ruwa don ya ga saurin janyewarsa. Da ya ɗago, sai ya hango wata mace a wancan ƙetaren, zaune a kan ƙullin kaya a gindin wata giginya, da goyo, tana ɓare gyaɗa hankali kwance. Ko cikin dubu ya san zaman nan.

"Ramlat!"

Ta ɗaga kai. "Wa ke kira?"

"Ni ne!"

"Kai wa? Ni wanda na sani ya rantse ba zai zo ba!"

Matan Fulani suka fara ƙyaƙyatawa. Tasi'u ya buɗe baki zai ce ta taso, sai Allah ya taimake shi, wannan karon hankali ya riga baki isowa.

"Ya jikin Inna?"

Ta ajiye gyaɗar.

"Da sauƙi! Jiya aka kwance ɗori! Kwana ashirin, sai yau ka tambaya!"

"Ina ta son in tambaya!"

"Ai na ji, akuya ta cinye maka hanya!"

Haka suka wuni, rafi a tsakani. Ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kajinta, ta tambaya ko an kwashe shanyar kuɓewar da ta bari a kan rumfa. Ba a kwashe ba, ya ce an kwashe. Shi kuwa ido ɗaya a kan karan da ya kafa, ɗaya a kan rana. Da azahar ruwa ya bar karan da taku uku. Da la'asar wani dogon Bafulatani ya ɗora sandarsa a wuya ya shiga, ruwan ya tsaya masa a ƙirji, ya haye lafiya. Tasi'u bai jira na biyu ba. Ya tuɓe riga ya naɗa a ka, ya yi bisimilla ya faɗa. Sau biyu ƙafarsa na zamewa, ya sha ruwan da ya ishe shi har gobe, amma ya fita. Ya ɗora auta a wuya, ƙulli a ka, Ramlat ta riƙe masa ƙugu, suka ratso a hankali, ita tana salati, shi yana cewa riƙe da kyau, riƙe da kyau.

A hanya yana gaba yana sauri, tana baya tana tafiyarta ta kullum.

"Ke ba ki ji tsoro ba? Da an ga wata jiya fa?"

"Ba za a gan shi ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Shekaranjiya da asuba ban fito na gan shi a gabas ba? Siriri kamar zare."

"Ni ma na gan shi! Shi ya tsinka mini zuciya!"

"To ai da ka kwantar da ita. Babana, Allah ya ji ƙansa, shekara talatin yana ladanci. Ya ce wata ba ya kwana ɗaya a ɓoye. In ka ga tsoho da asubar ashirin da takwas, kada ka wahalar da idonka da magaribar ashirin da tara, sai an cika talatin. Maɗori kuma ya ce ran ashirin da tara zai kwance wa Inna hannu. Na ce to, in ga hannun uwata tukuna, ina da yini guda a ajiye."

Tasi'u ya tsaya cak. "Da ba ki gan shi ba fa?"

"Da na taso a ranar, kafin ruwa. Ƙullina a ɗaure ya kwana." Ta wuce shi. "Kana tsammani zan bar wa wata kwallayena?"

Suka shigo gari rana ta yi ja, saura kamar tsawon tabarya biyu ta taɓa kan dawa. Ƙarƙashin ɗinya ba masaka tsinke, har Malam Yahya an kawo masa buzu. Tasi'u ya yi gaba ya ɗage labulen zaure. Ya waiwaya, ba ta bayansa. Ta sami dutsen da ke gefen ƙofa ta zauna, ta sauke auta, tana matse bakin zanenta.

"Ramlat, rana!"

"Na gan ta."

"Taku biyu ne fa!"

"Na iya ƙirga. Malam, a nan ka tsaya ka faɗa, gaban mutanen nan. A nan za ka tsaya ka kwashe."

Ya dubi rana. Ya dubi Mati, wanda ya riga ya buɗe haƙora yana jira. Ya dubi Malam Yahya, Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa na rawa.

"Ki yi haƙuri," ya ce can ƙasa.

"Ruwan rafi ya shige mini kunne."

"Ki yi haƙuri, Ramlat! Na yi wauta! Uwarki uwata ce, ni ne ya kamata in kai ki da kaina!"

Daga bayan danga Sakinatu ta rangaɗa guɗa. Ramlat ta miƙe ba gaggawa, ta saɓa auta a kafaɗa, ta yi bisimilla ta sa ƙafar dama a cikin zaure, sannan ta hagu. Tasi'u ya saki wani numfashi da ya riƙe tun kwana ashirin, ya jingina da bango ya zame har ƙasa.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Yahya. "Igiya tana nan. Saura miskinai goma."

"A rubuta ni na farko," in ji Mati. "Tun da bawana ya daina cin abinci nake tausayin tuwon gidan nan."

"Kai ko ƙanzo ba za ka gani ba," in ji Ramlat daga cikin gida. Ba a jima ba aka ji ta kai ga rumfa, tana ƙwala wa mijinta kira. "Malam! Wannan ce kuɓewar da aka kwashe?"

Bayan an idar da magariba yara suka ɗauki ihu a bayan masallaci, ga wata, ga wata. Wannan karon shi ne da gaske, ɗan siriri a ƙasa-ƙasa cikin jan yamma. Tasi'u yana tsakar gida, ya tsaya ya yi masa addu'ar ganin wata da murya mai ƙarfi, har da ƙarin da babu a littafi. Ramlat tana bakin murhu tana fifita wuta. Ya nuna mata farar tauraruwar nan da ke can sama da watan, nesa da shi.

"Waccan ce ta kusa kashe ni jiya. Ba ita ake ce wa matar wata ba? Ya na ga sun yi nisa haka?"

Ramlat ta ɗaga kai ta duba, ta koma kan wutarta.

"Ita tana inda take. Shi ne kullum zai riƙa hawowa kaɗan-kaɗan. Ka duba nan da kwana uku, za ka gan shi a gefenta."

Bai yarda ba sai da ya gani. Ran ukun da magariba aka hango shi a kan turmi, kai a sama, baki buɗe, ga wata ga Zara kusa da juna. Ya ƙwala mata kira ta fito ta gani. Ta ce tana tuƙa tuwon miskinai, in ya gama kallon ya zo ya riƙe mata tukunya. Mati ne ya ba da wannan labarin a gindin ɗinya, kuma ya san abin da yake faɗa, don yana cikin zauren a zaune da kwanonsa, na goma sha ɗaya.